Tambayoyi da Amsoshi Kan Fayilolin Sauti: MP3, WAV, FLAC da Abin da Ke Ɓacewa Idan An Matse Su

Duk wanda ya taɓa naɗar murya a waya, ko ya sauke karatu ko waƙa daga intanet, ya ga waɗannan haruffa da ke maƙale a ƙarshen sunan fayil: mp3, m4a, wav, flac, opus. Ba a cika kula da su ba sai ranar da fayil ya ƙi buɗuwa, ko ya cinye wurin ajiya, ko muryar ta fito kamar ana magana a cikin gwangwani. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Yaya ake yi murya ta koma fayil tun farko?

Sauti kaɗawar iska ce. A cikin makirufo akwai wani siririn fallen abu da ke rawa idan iskar ta buge shi, kuma rawar tasa ce ke komawa wutar lantarki mai hawa da sauka. Ita kuwa kwamfuta lambobi kawai ta sani. Don haka ake sa wata 'yar na'ura ta riƙa auna ƙarfin wutar sau dubbai a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo da lamba. Jerin lambobin nan shi ne sautin dijital, kuma sunan wannan tsari PCM.

Abu biyu ne ke nuna yadda aka yi awon: sau nawa aka auna a daƙiƙa, da kuma yawan matakan da ke jikin ma'aunin. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi kasuwa a 1982, yana ɗauke da awo 44,100 a daƙiƙa. Kowane awo yana cin bit 16 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, 0 ko 1), wato ma'auni mai matakai 65,536. Sannan hanyoyin sautin biyu ne, hagu da dama, wato sitiriyo. Idan ka ninka 44,100 sau 16 sau 2, za ka sami bit 1,411,200 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 1,411 kbps. Ka riƙe wannan lamba, domin da ita ake gwada duk sauran.

Me ya sa 44,100? Da an ƙara yawan awon, ai sautin zai fi santsi ko?

Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Akan zana sautin dijital kamar matakalar bene, sai mai kallo ya ɗauka cewa da irin wannan gargadar yake fitowa daga lasifika. Ba haka ba ne. Lissafin da ake jinginawa ga Harry Nyquist da Claude Shannon ya nuna cewa muddin yawan awon ya haura ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da ke cikin sautin, to za a iya maido da igiyar sautin sumul, ba tare da wata matakala ba.

Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawa daga kusan 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma wannan ma na yara da matasa ne, don manya da yawa ba sa jin abin da ya haura 16,000. Awo 44,100 yana kama har 22,050, ka ga ya rufe iyakar kunne har da rara. A harkar bidiyo da fim kuwa 48,000 aka saba amfani da shi. Idan kana son jin yadda ƙarancin awo yake, tuna tsohon layin tarho: awo 8,000 kacal a daƙiƙa, kuma daga 300 zuwa 3,400 kawai yake bari su wuce. Shi ya sa harafin s da f ke rikicewa idan ana faɗa maka suna ta waya.

Me ya sa fayil ɗin WAV yake da girma haka?

Saboda ba a taɓa shi ba. WAV, wanda Microsoft da IBM suka ƙirƙiro a 1991, galibi lambobin PCM ne zube yadda aka auna su. Minti ɗaya mai ingancin CD yana cin megabait 10 da ɗoriya, awa ɗaya kuma wajen megabait 635. Ko shiru ne aka naɗa, girman ɗaya ne. AIFF na kamfanin Apple ɗan'uwansa ne. Tsohon tsarin WAV ba ya wuce gigabait 4, wato kusan awa 6 da minti 45 a ingancin CD, abin da ya kamata mai naɗar dogon taro ya sani.

Mene ne bambancin matsewa marar asara da mai asara?

Ɗauki matafiyi biyu da akwatinsu ya yi musu kaɗan. Na farko ya ninke tufafinsa da kyau, ya danne su har akwatin ya rufu. Da ya isa masauki, komai nasa yana nan. Na biyu ya zauna ya zaɓi abin da yake ganin ba zai nema ba, ya bar shi a baya. Akwatinsa ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, sai dai abin da ya bari ya baru.

Na farkon shi ne FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar da cikakken sigarsa ta farko a 2001, da ALAC na Apple. Suna hasashen awo na gaba daga waɗanda suka gabata, sai su ajiye ɗan bambancin da ke tsakanin hasashe da gaskiya. Idan aka warware fayil ɗin, kowace lamba tana komawa mazauninta. Yawanci girman yana sauka zuwa rabi ko kashi biyu cikin uku na WAV, gwargwadon cunkoson sautin. Matakan matsewa na FLAC daga 0 zuwa 8 ba sa taɓa inganci ko kaɗan. Mataki na sama yana ɗan ƙara rage girma ne kawai, a madadin ƙarin lokacin aiki.

Na biyun shi ne MP3, AAC, Vorbis, Opus da WMA. Su zubarwa suke yi, kuma gwanintarsu ita ce sanin abin da za a zubar ba tare da kunne ya farga ba.

To me MP3 yake zubarwa, kuma ta yaya ba a ganewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni sha'awa, domin amsarta ta fi shafar kunne fiye da kwamfuta. Masu binciken cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, da abokan aikinsu na wasu wurare, sun gina MP3 a kan raunin jin ɗan Adam. An buga ƙa'idarsa a 1993, kuma a watan Yulin 1995 aka raɗa wa fayilolin laƙabin .mp3.

Raunin farko shi ne babban sauti yana danne ƙaramin da ke kusa da shi. Tsaya kusa da injin da ke ruri, wani ya yi maka raɗa: muryarsa ta iso kunnenka, amma ba ka ji ta ba. Na biyu, dannewar tana ci gaba na ɗan ƙiftawar ido bayan babban sautin ya wuce. Idan aka buga ganga da ƙarfi, kunne yakan ɗan ɗauki lokaci kafin ya dawo hayyacinsa. Na uku, ba dukkan muryoyi kunne ke ji daidai ba. Ya fi kaifi tsakanin kaɗawa 2,000 zuwa 5,000, yana kuma dusashewa a can ƙasa da can sama.

Manhajar matsewa tana yanka sautin gunduwa-gunduwa, ta rarraba kowace gunduwa zuwa rukunonin kaɗawa, sannan ta lissafa wane rukuni ne kunne zai sa wa ido, wanne ne kuma aka riga aka danne. Wanda za a ji sosai sai ta ba shi bit da yawa. Wanda aka danne ta rubuta shi sama-sama, ko ta watsar. Rubutun sama-saman nan yana haifar da ƙura, wato 'yar hayaniyar da babu ita a sautin asali, amma ana ɓoye ƙurar a ƙarƙashin babban sauti. Akwai kuma wata dabara: tunda hagu da dama galibi sun yi tarayya a yawancin abin da ke cikinsu, sai a ajiye abin da suka haɗa sau ɗaya, a ajiye bambancinsu daban.

Idan bit ya yi ƙaranci, asirin yakan tonu. Za ka ji kuge da sauran ƙarafan kiɗa suna wani ruwa-ruwa, tafin jama'a ya koma kamar ana murza leda, harafin s ya riƙa tsartuwa. Wani lokaci ma za ka ji wata 'yar inuwa ta riga bugun ganga isowa. Tafi yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da waɗannan manhajoji, domin babu tsari a cikinsa da za a yi hasashe a kai.

128, 192, 320: wanne ya ishe ni?

Lambobin nan yawan dubban bit ne da aka ware wa kowace daƙiƙa. MP3 na 128 kbps ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na girman CD, wato ƙasa kaɗan da megabait ɗaya a minti. 320 shi ne ƙololuwar MP3, kuma yana cin megabait 2.4 a minti.

A ganina, idan kiɗa ne kuma MP3 ne, 128 ya yi ƙasa ga mai saurare da kyakkyawan abin kunne. Daga 192 zuwa 256 mafi yawan mutane ba sa iya bambanta shi da na asali. Magana zalla ba ta buƙatar haka: 64 kbps a hanya ɗaya, wato mono, ya wadatar da lacca ko hira, kuma awa guda ba ta kai megabait 30 ba. Naɗar mutum ɗaya mai magana a makirufo ɗaya da sitiriyo ɓarnar wuri ce kawai.

Akwai kuma zaɓi tsakanin CBR da VBR. Na farko yana ba kowace daƙiƙa rabo ɗaya, ko shiru ce ko hayaniya. Na biyu yana tsimi a wurin sauƙi, ya kashe a wurin wuya, don haka ya fi ba da inganci a girma ɗaya. Sai dai wasu tsofaffin na'urori sukan rikice wajen nuna tsawon fayil ɗin VBR. Kada kuma a manta cewa lamba ba ita kaɗai ce magana ba. Manhajar da ta yi matsewar ma tana da tasiri, shi ya sa LAME ta yi suna a cikin masu haɗa MP3.

An ce MP3 ya tsufa. Me ya gaje shi?

Ya tsufa, amma bai mutu ba. Labarin mutuwarsa da ya bazu a 2017 rashin fahimta ne: lasisin mallakar fasahar ne ya ƙare, wanda ke nufin kowa na iya amfani da shi kyauta. Har yau babu tsarin da ya kai shi buɗuwa a kowace irin na'ura, daga rediyon mota zuwa ƙaramar waya.

AAC ya fito a 1997, kuma ya fi MP3 kyau a girma ɗaya, musamman idan bit ya yi ƙasa. Shi Apple ya ɗauka a shagon iTunes. Vorbis na gidauniyar Xiph.Org ne, an yi shi don a kauce wa biyan lasisi, kuma Spotify ya daɗe yana amfani da shi. Opus, wanda aka amince da ƙa'idarsa a 2012, ya haɗa fasahar SILK ta Skype da CELT ta Xiph. Yana aiki daga 6 har zuwa 510 kbps, kuma magana tana fita sarai a cikinsa a 24 ko 32. Saƙonnin murya na WhatsApp da shi ake naɗarsu, shi ya sa saƙon minti biyar ba ya cin data sosai.

Wani abin lura: laƙabin da ke ƙarshen fayil sau da yawa sunan mazubi ne, ba sunan abin da aka zuba ba. Fayil ɗin .m4a yana iya ɗauke da AAC mai asara, ko ALAC marar asara. Haka .ogg yana iya zama Vorbis ko Opus. Sai ka duba bayanan fayil ɗin kafin ka san abin da ke ciki.

Idan na mayar da MP3 zuwa FLAC ko WAV, ingancin zai dawo?

A'a. Abin da aka zubar ya tafi, kuma fayil ɗin bai ajiye labarin inda ya faɗi ba. Za ka sami ƙaton fayil mai ɗauke da sautin MP3 ɗin nan dai. Mayar da 128 zuwa 320 ya fi wannan muni, domin an sake matse abin da aka riga aka matse, an ƙara masa sabuwar ƙura, sannan girmansa ya ninka sau biyu da rabi. Canja sunan fayil da hannu daga .mp3 zuwa .wav kuwa ba ya canja komai sai rikita manhajar da za ta buɗe shi.

Ana yaudarar mutane da wannan a intanet, a ba su FLAC na jabu. Hanya ɗaya ta bincike ita ce buɗe fayil ɗin a manhajar da ke zana hoton kaɗawar sauti, irin su Spek ko Audacity. MP3 na 128 yakan yanke komai daga wajen 16,000 zuwa sama, sai ka ga layi miƙaƙƙe kamar an sa reza. Alama ce mai ƙarfi, amma ba hujja ce yankakkiya ba, don wasu tsofaffin naɗe-naɗe dama can ba su da komai a saman.

Me ya sa sautin da ya yi ta yawo hannu zuwa hannu yake lalacewa?

Kwafa ba ta lalata fayil. Ko sau dubu ka kwafe shi daga waya zuwa waya, lambobin suna nan yadda suke, ba kamar kaset ba da kowane kwafi ke ƙara dusashewa. Abin da ke lalatawa shi ne sake matsewa. Wani ya ɗora a shafin bidiyo, shafin ya matse. Wani ya sauke ya mayar MP3. Na uku ya yanke wani sashe ya sake ajiyewa, na huɗu ya haɗa da hoto ya tura a manhajar hira, ita ma ta matse bidiyon. Kowane zagaye yana yanke nasa hukunci a kan ƙurar da na baya ya bari. Idan kana son fayil ya isa yadda yake, tura shi a matsayin takarda (Document) a manhajar hira, ko ta ma'ajiyar intanet.

Fayilolin 24-bit da 96 kHz da ake tallatawa, akwai amfani?

Ga mai naɗa da mai tacewa, bit 24 yana da amfani ƙwarai. Bit 16 yana ba da tazarar kusan desibel 96 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) tsakanin ƙurar ƙasa da ƙololuwa, bit 24 kuma kusan 144 a lissafi. Wannan rarar tana ba ka damar naɗa ƙasa-ƙasa don gudun fashewar murya, ka ɗaga daga baya ba tare da ƙura ta biyo ba.

Ga mai saurare kawai, ni ban ga abin a zo a gani ba. Awo 96,000, wato 96 kHz, yana adana kaɗawa har 48,000, wadda jemage zai ji, kai ba za ka ji ba, kuma minti ɗaya yana cin kusan megabait 35 kafin a matse. Idan irin wannan fayil ya fi daɗi, sau da yawa dalilin shi ne an sake tace shi da kyau, ba yawan lambobin ba. Kana iya gwada kanka da gwajin da ake kira ABX: manhaja ta ba ka A da B, sannan ta ba ka X a ɓoye, ka faɗi wanne ne. A maimaita sau goma sha shida ko fiye. Sharaɗi shi ne ƙarar su biyun ta zama daidai, domin kunne yakan ɗauki wanda ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau.

Ina sauraren FLAC ta Bluetooth. Ina jin cikakken ingancin?

Galibi a'a. Wayar tana warware FLAC ɗin, sannan ta sake matse shi kafin ta aika wa abin kunnen. SBC shi ne tsarin da kowace na'urar kiɗa ta Bluetooth ta sani. Akwai AAC, da aptX na Qualcomm, da LDAC na Sony da ke kaiwa 990 kbps, wanda har yanzu bai kai 1,411 ba. Dole ne wayar da abin kunnen su san tsari ɗaya, in ba haka ba su koma SBC. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, sautin yakan yi kyau. Inda za ka ji faɗuwa ƙarara shi ne lokacin da makirufon abin kunnen ya buɗe don kira, domin a nan na'urar takan koma tsarin magana mai ƙunci.

Masu haɗa sauti ma suna maganar matsewa. Abu ɗaya ne?

Suna ne ya zo ɗaya. Tasu matsewar ba ta shafi girman fayil ba. Rage tazara ce tsakanin wurin da sauti ya yi ƙasa da wurin da ya yi sama, don raɗa da tsawa su kusanci juna. Kaɗan daga cikinta yana taimaka wa magana ta fito a mota ko cikin hayaniya. Idan ta yi yawa, kiɗa yakan zama bango guda marar numfashi, mai gajiyar da kunne. Tun daga shekarun 1990 kamfanonin kiɗa suka shiga gasar wa ya fi ƙara, har aka lalata naɗe-naɗe masu yawa. Yanzu manhajojin saurare suna daidaita ƙarar da kansu, Spotify alal misali yana kai waƙoƙi wajen −14 a ma'aunin ƙara na LUFS, don haka ribar gasar ta ragu. Sautin da aka danne haka, ko a FLAC aka zuba shi, a danne zai fito.

Zan fara naɗar karatu ko shirin hira. Da wane tsari zan yi aiki?

Naɗa da WAV, awo 48,000 idan za a haɗa da bidiyo, 44,100 ko 48,000 idan sauti ne zalla, bit 24 idan na'urarka ta yarda. Sa ido a kan ma'aunin ƙara: ƙololuwar muryar ta tsaya wajen desibel −12 zuwa −6, kada ta taɓa sifili. Idan ta taɓa, kan igiyar sautin yana yankewa, kuma wannan fashewar ba ta gyaruwa yadda ya kamata. Kusanto da makirufo kamar tazarar tafin hannu daga baki, ka ɗan karkatar da shi don iskar harafin f da b kada ta buge shi kai-tsaye. Zaɓi ɗaki mai labule da shimfiɗa, ka kashe fanka. Amsa-kuwwar ɗaki tana lalata naɗi fiye da duk abin da MP3 zai yi masa, kuma tana wahalar da manhajar matsewa ma.

Yi duk yanke-yanke da gyare-gyarenka a kan WAV ɗin. Idan ka gama, ajiye kwafi ɗaya a FLAC, a wurare biyu daban. FLAC yana riƙe da wata lambar tantancewa a cikinsa, wadda za ta nuna maka ko fayil ɗin ya lalace bayan shekaru. Daga wannan kwafin ne za ka riƙa fitar da na rabawa: MP3 mono na 64 zuwa 96 kbps idan kana son ya buɗu a ko'ina, ko Opus idan ka san na'urorin masu saurarenka sun san shi. Kafin ka tura, cike suna, take da shekara a cikin bayanan fayil ɗin, waɗanda a MP3 ake kira ID3, domin su ne ke fitowa a allon mai saurare ko da wani ya canja wa fayil ɗin suna a hanya.